Lawanin da Baba Ya Tsallake

Asabar, 4 ga Yuni 2016, bayan la'asar

Don tarihin gidanmu na sayi wannan kaye, littafin rubutu irin na ƴan makaranta. Tun da idon Baba ya mutu muka ɗauko shi daga Kalumari zuwa nan Diffa, kullum da hantsi sai ya ce, "Kubra, kawo bik ɗinki," ya yi ta faɗa ina rubutawa. Nasa daga gaba yake. Yau na juya kayen na fara nawa daga baya, don ba ni da wanda zan gaya wa. Maigidana yana wurin aikinsa a Maine, yara suna Damagaram wurin kakarsu tun bara, lakwal kuma, makarantar da nake koyarwa, an ce mu dakata sai an ga hali.

Tun jiya labarin harin da aka kai Bosso ke shigowa, kowa da irin nasa. An ce duk garuruwan bakin kogin Komadugu sun tashi. Yaya Alasan ya fita da kamiyonsa, babbar motarsa ta kaya, tun da sassafe zai ɗauko Baffa Alkali, ƙanen Baba, wanda ke riƙe da gari da gonakin tattasai a madadinsa. Sunansa ne kawai Alkali, ko kaza bai taɓa yanke wa hukunci ba. Sau uku ana aika masa ya taso, yana cewa injinan ban ruwa ba su da ƙafa, wa zai bar wa su.

Baba ya tambaye ni sau biyar ko sun iso.

Lahadi, 5 ga Yuni, da azahar

Yaya Alasan ya dawo. Sojoji ba su bar shi ya sauka daga gudron ba, wato hanyar kwalta, a bakin hanya ya kwana. Ya ciko kamiyo da mutane, ya yi ta sauke su gidajen danginsu unguwa unguwa. Biyu suka rage da ba su da kowa, sai ya kawo mini su: wata tsohuwa, Ya Bintu, da jikarta Hasna, wadda ba za ta wuce ashirin da biyar ba. Ƴan ƙetaren kogi ne, mutanen Najeriya. Shekara biyu ke nan da suka gudo suka zauna a wani ƙauye gabas da namu, yanzu ga gudu na biyu. Ƙafafun tsohuwar sun kumbura har takalmi ya shige cikin nama. Na jiƙa su a ruwan ɗumi da gishiri. Ba ta ce wayyo ba, sai ma ta ce gishirin ya yi kaɗan.

Yaya ya kira ni zaure ya gaya mini abin da mutanen Kalumari suka gaya masa a bakin hanya. Ba zan rubuta shi ba. Mun yanke ba za mu faɗa wa Baba yanzu ba. Shekararsa tamanin da shida, ga hawan jini.

Na ce da Baba, Baffa ya ce sai ya gama ɓoye injina. Ya yi dariya ya ce, "Taurin kan nan tun yana goye yake da shi."

Talata, 7 ga Yuni, kafin shan ruwa

Mun shiga azumi. Na shimfiɗa wa baƙi a rumfar tsakar gida, ɗakin yara ya yi musu zafi. Hasna ba ta magana, amma ta karɓe mini suyar ƙosai, nata ya fi nawa tashi. Mijinta ya rasu a gudu na farko. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Ya Bintu kuwa bakinta bai kumbura ba. Ta tambayi gidan wa ne nan. Na ce gidan Lawan Zarami na Kalumari. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "To." Tun daga nan idonta na kan Baba. Shi ba ya gani, ni ina gani.

Baba ya ce in kira masa Baffa a waya. Na ce babu rezo, kira ba ya shiga.

Alhamis, 9 ga Yuni, da yamma

Babu rezo. Allah ya gafarta mini, da azumi a bakina.

Jumma'a, 10 ga Yuni, bayan la'asar

Gara in rubuta tun ban manta yadda aka yi ba.

Baba ya ce mu koma kan tarihi, zama haka na sa shi tunani. Na kai masa tabarma gindin itacen bedi, Ya Bintu na rumfa tana jan carbi. Ya ce in sake karanto masa jerin lawanan Kalumari, ya ji ko na rubuta daidai. Na karanta: Lawan Kolo da ya sari gari, Lawan Kyari, Lawan Fannami, Lawan Gambo, sai Lawan Abbakar kakanmu, sai shi. Ya ce madalla. Haka muka taso muna ji, haka maroƙa ke faɗa a bikinmu.

Sai muka ji daga rumfa, da Barbarci, "Ka tsallake ɗaya."

Baba ya juya kunnensa. "Wa ke magana?"

Na ce baƙuwarmu ce, Ya Bintu.

Ta ce, "Tsakanin Gambo da Abbakar akwai mutum. Shekara goma sha tara ya yi da rawani. Ko shi ma idonka bai gan shi ba, ɗan Abbakar?"

Ban taɓa jin an kira Baba haka ba. Na buɗe baki zan ce Iya a yi a hankali, ya ɗaga mini hannu. Can ya ce, muryarsa ta sauya, "Ke wace ce a gidan Aisami?"

"Autarsa."

"Wadda aka goya ranar ƙetare?"

"An ce haka. Ni ban sani ba, ina barci."

Baba ya lalubi sandarsa ya tashi da kansa, abin da ya kwana biyu bai yi ba, ya shige ɗaki. Bai je masallaci ba. Ya Bintu ta koma carbinta kamar ba ita ta jefa dutsen ba. Na tambaye ta wane ne Aisami. Ta ce, "Malama, ubanki ya fi ni sani. Ni labari na ji, shi yana tsaye."

Asabar, 11 ga Yuni, bayan azahar

Baba ya sha ruwa da dabino ɗaya jiya, bai taɓa tuwo ba. Yau ya ce in buɗe akwatin ƙarfensa in ɗauko takardar Nasara.

Na san takardar tun ina yarinya. Ana fito da ita ranar salla a nuna wa baƙi hatimin, a mayar. Shekara ashirin ina koyar da tarihi da Faransanci, ban taɓa zama na karanta ta har ƙarshe ba. Abin gida, ai ka san shi.

Ta yi ja kamar ganyen taba, bakinta duk ya gutsure. Kumandan na Nasara da ke garin Gigimi ne ya sa hannu, shekarar 1941. Na fassara masa: an naɗa Abbakar, tsohon soja, shugaban Kalumari da fadamunta. Ya ce in ci gaba. Akwai layi ɗaya a ƙasa, daidai inda takardar ke naɗewa: a madadin wani mai suna Aisami, wanda aka tuɓe saboda ƙin bin umarni.

Baba ya ce, "Ashe sun rubuta."

Na ce sun rubuta.

"Nasara ya rubuta, mu muka goge."

Litinin, 13 ga Yuni, da dare

Yau ya faɗa. Ya ce in kira Ya Bintu ta matso, kuma in rubuta a gaban kaye, ba a baya ba. Ashe ya san ina rubutu a baya, wai yana jin yadda nake juya shi. Na rubuta can, amma ina so ya zauna nan ma.

Lokacin yaƙin Nasara ne, Baba yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Kumandan ya aiko a ba shi maza arba'in na aikin tilas da gero raƙumi talatin. Lawan Aisami ya aika goma, ya ce sauran suna girbi, in aka kwashe su gari zai ci ƙasa. Samarin kuwa ya sa aka ƙetare da su kogi, ɓangaren Ingilishi, har gardawan kumandan, wato dogaransa, su wuce. Kakanmu Abbakar ba ɗan gidan sarauta ba ne. Baran Lawan Aisami ne, a gidansa ya girma, ya tafi soja ya dawo da Faransanci a baki, shi ke yi wa Lawan tafinta. Da kumandan ya zo da kansa ya tambayi ina samari, Lawan ya ce bai sani ba. Kakanmu ya juya maganar zuwa Faransanci, ya ƙara da abin da ba a ce ya ƙara ba.

Baba ya ce, "Ban ji Faransanci ba, amma na ga hannunsa ya nuna kogi."

A gaban jama'a aka kwance wa Lawan rawani, aka sa shi ya riƙe linzamin dokin kumandan har bayan gari. Kwana uku bayan haka ya tattara iyalinsa suka ƙetare a kan gora, ruwa ya cika a lokacin. Baba yana bakin gaɓa. Ya ce akwai wata mace da goyo, ta ɗaure jaririyar can sama kusa da wuya don kada ruwa ya taɓa ta. Babbar fadamar da ke kwanar kogi, wadda ta yi mana karatu ta yi mana aure ta sayi kamiyon Yaya, tasu ce.

Ya Bintu ta ce ubanta bai ƙara shekara huɗu ba. Tabarma yake saƙawa a can. In an ce masa Lawan sai ya ce a daina. Amma kullum ruwa ya janye yakan je gaɓa ya duba ko an shuka fadamar a kan lokaci, ya dawo yana faɗa in an yi latti.

Baba ya ce, "Ubana ya haƙa rijiya biyu. Shekarar yunwa ya buɗe rumbunansa har ƙasa. Bai taɓa dukana ba. Ina son sa, ƴar Lawan, har gobe ina son sa."

Ta ce, "Wa ya ce kada ka so shi? Ni cewa na yi ka tsallake ɗaya."

Ni ce na yi kuka, su biyun ko ɗigo. Da aka sha ruwa ta tura masa ƙosan gabanta, wai nasa ya huce.

Laraba, 15 ga Yuni, bayan la'asar

Baba ya kira Yaya Alasan ya ce zai mayar wa Ya Bintu da Hasna babbar fadama.

Yaya ya fara da ladabi, ya ƙare a tsaye. Ya ce shekara ɗaya da rabi ke nan an hana fataucin tattasai, buhunansa na rumbu ƙwari na ci, ƴaƴansa tara, fadamar nan ita kaɗai yake kallo in ƙura ta lafa. Ya ce shekara saba'in da biyar muna nomanta, gumin wa ke ciki? Ya ce shi ya ɗauko matan nan a bakin hanya don Allah, bai san gado ya ɗauko ba. Ban ga laifinsa duka ba. Na san dare nawa yake yi bai runtsa ba, matarsa ta gaya mini.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba kai za ka kwanta kusa da Abbakar ba, ni ne, kuma na kusa. Amma ba ni kaɗai na gada ba. Ku nemo mini Alkali. Abin da ya ce shi za a yi."

Yaya ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce hanya a rufe take. Baba ya ce to waya. Na faɗi abin da na saba faɗa.

Ya Bintu ba ta sa baki ba, sai da Yaya zai fita ta ce, "Alasan, ni ban roƙi gona ba. Kuma na gode da moto." Da yamma ya aiko da ƙanƙara da kankana.

Jumma'a, 17 ga Yuni, da hantsi

Ina wanke mata ƙafa, kumburin ya sauka sosai, ta kama hannuna.

Ta ce ranar Asabar da suka gudo, ta Kalumari suka bi. Karo na farko ke nan da ta taka garin ubanta tun tana goye, kuma ko awa ɗaya ba ta yi ba. Wani dogon dattijo mai gajeren gemu yana tsaye bakin rijiya yana ɗebo wa masu wucewa ruwa. Ya ba ta a ƙwarya, ya cika musu jarka, ya nuna musu hanyar da za ta fid da su gudron ba tare da sun bi daji ba. Hasna ta ce Baba ka zo mu tafi mana, ya ce akwai sauran mutane a baya, wa zai ba su ruwa. Ashe Baffa Alkali ne, ba ta kuwa gaya masa ko ita wace ce ba.

Ta ce, "Ina cikin moto na ji abin da aka gaya wa yayanki. Malama, kwana goma sha uku ke nan. Ba a yi sadakar uku ba, ba a yi ta bakwai ba. Tsohon nan yana kwana yana tashi bai roƙa wa ƙanensa gafara ko sau ɗaya ba, don bai san yana bukata ba. Wannan ba tausayi ba ne."

Na ce hawan jininsa fa.

Ta ce, "Ya ɗauki Abbakar shekara saba'in bai faɗi ba."

Asabar, 18 ga Yuni, bayan azahar

Mun gaya masa.

Lahadi, 19 ga Yuni, da yamma

Yaya ne ya yi maganar, ni ina riƙe da hannun Baba. Ya yi salati sau uku. Tambayarsa ta farko, wa ya yi masa sutura. Yaya ya ce maza uku sun koma washegari suka yi, suka sa shi kusa da Inna Kellu, uwarsu. Ta biyu, an sallace shi? An sallace shi. Bai tambayi yadda aka yi ba, mu ma ba mu faɗa ba.

Sai ya ce da ni, "Kubra, ashe rezon ke nan." Ba da faɗa ba. Da ya yi faɗan, da ya fi mini sauƙi.

Ya juya ga bango ya yi kuka irin na tsofaffi, marar ƙara, kafaɗa kawai ke motsi. Ya Bintu ta ja jiki ta zauna a bakin ƙofarsa, ta ba shi labarin rijiya da ƙwarya tun daga farko. Ya ce ta sake. Ta sake. A na uku har ya gyara mata, wai gemun Alkali ba gajere ba ne, ƙin fitowa ya yi. Na ji sun yi ƴar dariya.

Yau mun yi sadaka. Hasna ta soya waina tun hantsi. Mutanen Kalumari da ke cikin gari sun zo, na bakin hanya ba su samu mota ba.

Alhamis, 23 ga Yuni, da hantsi

Baba bai ce in kawo bik ba. Kwana biyar ke nan. Ya Bintu ce ke sa shi cin abinci, da gori. "Zarami, ka ci, kada a ce na zo na ƙarasa ku." Ta daina ce masa ɗan Abbakar, ban san ranar da ta daina ba.

Har yanzu in waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, na rasa dalili. Ai babu sauran wanda muke jira.

Lahadi, 26 ga Yuni, bayan la'asar

Baba ya ce tunda Alkali bai bar ɗa ba, magana ta dawo kansa shi kaɗai, amma ba zai yi ba sai da shaidun gari. Ya aiki Yaya bakin gudron ya ɗauko dattawa biyu. Yaya ya tafi yana cika yana batsewa.

Ya dawo wani iri. Ya same ni a madafa ya zauna kan turmi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ya tarar da mutanenmu a bukkokin kara da leda, rana na dukansu. Ya fara yi wa Ba Gaptiya, tsohon limaminmu, bayani a hankali, yana neman ta inda zai ɓullo wa sunan. Tsohon ya katse shi ya ce, "Fadamar Aisami kake nufi?" Ashe haka duk gari ke kiranta in babu ɗan gidanmu a kusa. Har yaran da ke yi mana tsinkar tattasai.

Yaya ya ce, "Kubra, shekara hamsin ina shiga garin nan da ƙirji. Ashe mu kaɗai ne ba mu sani ba."

Na ba shi albasa ya yanka mini, ya karɓa ya yanka.

Laraba, 29 ga Yuni, bayan azahar

An yi. Ba Gaptiya da Bulama Kyari suka zauna gindin bedi, da limamin unguwarmu. Baba ya sa farar rigarsa. Ya faɗi abin da ya faru a 1941 da bakinsa, bai rage ba, bai kuma zagi ubansa ba. Ya ce babbar fadama daga tsamiya zuwa kwanar kogi ta koma gidan Aisami, ƙananan gonaki uku na tudu su ne namu. Ni na rubuta, da Faransanci da Hausa, don a kai wa hukuma in lokaci ya yi.

Da aka zo kan Ya Bintu ta ce, "Kun ba ni gonar da ku ma ba ku isa ku taka ba. Wannan kyauta da arha take." Dattawa suka yi dariya, Baba ma. Sannan ta ce ba za ta dangwala ba sai an yi mata abu ɗaya: Zarami ya jero lawanai a gaban mutanen nan, daidai.

Baba ya gyara zama. Kolo. Kyari. Fannami. Gambo. Sai ya ce, "Lawan Aisami ɗan Gambo, shekara goma sha tara." Sannan Abbakar, sannan shi. Ba Gaptiya ya ce Allah ya jiƙan su duka, aka shafa. Ya Bintu ta ja mayafi ta rufe fuska, ta miƙo yatsa daga ciki, na shafa masa tawada na dangwala.

Yaya Alasan ya sa hannu a ƙarshe. Ya ce da Hasna sharaɗinsa ɗaya, in ta noma, kamiyonsa ne zai ɗauka. Hasna ta ce sai ta ga farashinsa tukuna. Karo na farko da na ji ta yi magana a gaban maza, kuma na farko da na ga haƙoranta.

Lahadi, 3 ga Yuli, kafin shan ruwa

Da hantsi aka ce sabon ruwa ya iso Diffa, ya biyo busasshen kogi daga yamma. Baba ya ce sai an kai shi. Yaya ya ce sojoji, Baba ya ce ya roƙe su. Muka ɗora tsofaffin biyu a gaban kamiyo, ni da Hasna a baya. Sojan da ke wurin ya leƙa ya ga ko su waye, ya ce minti goma.

Ba wani ruwan kirki ba ne tukuna. Ja ne, yana tafe a hankali bisa yashi, yana tura kumfa da karmami a gabansa. Na gaya wa Baba yadda yake. Ya ce ba sai na faɗa ba, yana jin ƙamshinsa.

Ya Bintu ta ce, "Zarami, kwana nawa zai yi kafin ya kai Kalumari?"

"Huɗu."

"Ubana uku yake cewa."

"Lokacinsa yashi bai kai haka ba. Huɗu."

Ta ƙirga a yatsu ta juyo. "Hasna, kin ji. Ran Laraba ruwa zai kai gonata." Can ta ce, a hankali, "To wa zai buɗe masa hanya?"

Yaya ya duƙa yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Baba ya lalubo hannun rigarta ya riƙe.

"Bana a bar shi ya wuce, ƴar Lawan. Baɗi ke za ki tsaya a kai, ni in zauna gindin tsamiya ina gaya miki kin yi latti."

Ta ce, "Ka ci abinci ka kai baɗin tukuna."

Soja ya buga murfin mota, muka juyo. Har muka iso gida suna gardama a gaba, ita uku, shi huɗu.